Zamewar tsaga mara zurfi a yankin nitsewar faranti

Zamewar tsaga mara zurfi ita ce motsin da ke faruwa a ɓangaren sama na babbar tsagar da ta raba farantai biyu na ɓawon duniya, a wurin da ɗaya yake kutsawa ƙarƙashin ɗayan. Wannan ɓangare yana ƙarƙashin teku ne, ya faro daga bakin kwazazzabon teku ya gangara zuwa zurfin kilomita 10 ko 15 a cikin ƙasa. Ɗan yanki ne na tsagar, amma shi ya fi tasiri a kan girman igiyar ruwa ta tsunami, domin shi ne mafi kusa da ƙasan teku, kuma ruwan da ke kansa shi ne mafi zurfi.

Shekaru da dama masana ilimin ƙasa sun ɗauka cewa wannan sashe ba ya iya zamewa farat ɗaya, saboda laka ce mai laushi ta cika shi. Girgizar ƙasar Tohoku ta Japan a shekarar 2011 ta rushe wannan zato, domin a can ne aka auna zamewa mafi girma, kimanin mita 50. A yau an san cewa sashen yana motsi ta hanya uku: yakan ja jiki a hankali ba tare da kowa ya ji ba, yakan zame shi kaɗai ya haifar da sassauƙar girgiza mai tayar da babbar igiya, yakan kuma bi babbar girgizar da ta taso daga can ƙasa. Saboda haka ƙarfin jijjigar da mutane suka ji a bakin teku ba shi ne ma'aunin girman ruwan da ke tafe ba.

Yadda yankin nitsewa yake

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. Ya kasu zuwa manyan farantai na dutse da ke tafiya 'yan santimitoci a shekara, kusan saurin da farce yake tsirowa. Idan farantin ƙasan teku ya tsufa yakan yi sanyi ya yi nauyi, in ya ci karo da wani farantin sai ya sunkuya ya shige ƙarƙashinsa. Wurin da hakan ke faruwa shi ake kira yankin nitsewa, kuma alamarsa a ƙasan teku ita ce dogon kwazazzabo mai zurfi. Kwazazzabon Japan ya kai zurfin kilomita 7 zuwa 8, na Mariyana kuwa ya kusa kilomita 11. Akasarin irin waɗannan yankuna sun kewaye Tekun Pasifik: Japan, Alaska, Chile, Peru, New Zealand da sauransu. Akwai kuma wani mai tsawo a kudancin Indonesiya, a Tekun Indiya.

Fuskar da farantan biyu suke haɗuwa ita ce tsagar. Ba a tsaye take ba, a kishingiɗe take, ta faro daga kwazazzabo ta gangara ƙarƙashin gaɓa. Inda fuskokin suka maƙale, farantin ƙasa yakan ja leɓen na sama ya tanƙwara shi, kamar yadda maharbi ke tanƙwara baka. Ana iya shafe ɗaruruwan shekaru ƙarfi yana taruwa. Ranar da maƙalewar ta kasa riƙewa, leɓen yakan zabura ya koma wajen teku cikin 'yan mintuna. Girgizar ƙasa mafi girma da aka taɓa aunawa duk daga irin wannan tsaga suka fito: ta Chile a 1960 mai maki 9.5, ta Alaska a 1964 mai maki 9.2, ta Sumatra a 2004 da ta Tohoku a 2011, kowacce sama da maki 9.

Rabe-raben tsagar bisa zurfi

Tsagar ba hali ɗaya take da shi daga sama har ƙasa ba. Zafi, matsi, irin dutse da yawan ruwan da ke cikin dutsen duk suna canjawa da zurfi. A taƙaice ana raba ta uku:

Sashen sama, daga kwazazzabo zuwa kimanin kilomita 15. Laka da taɓon da suka taru a ƙasan teku ne suka yi yawa a nan, cike suke da ruwa, kuma zafinsu bai wuce digiri 100 zuwa 150 na Salshiyos ba.

Sashen tsakiya, daga kimanin kilomita 15 zuwa 40 ko 50. A nan duwatsu suke da tauri suna maƙalewa, kuma daga nan manyan girgizar ƙasa suke tashi.

Sashen ƙasa, inda zafi ya haura digiri 350. Dutse yakan fara laushi, sai farantan su riƙa wucewa a hankali.

Gwaje-gwajen da James Dieterich da Andy Ruina suka assasa a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 sun nuna cewa gogayya tsakanin duwatsu iri biyu ce. Akwai kayan da gogayyarsu ke raguwa da zarar sun fara gudu, don haka zamewa takan ƙara sauri ta zama girgiza. Akwai kuma waɗanda gogayyarsu ke ƙaruwa in sun fara gudu, sai su taka wa zamewar burki. Laka da yumɓu galibi suna cikin kashi na biyu. Daga nan ne aka samo ra'ayin cewa sashen sama katanga ce mai tare fashewar tsaga kafin ta iso ƙasan teku. Ra'ayin yana da gaskiya a wasu wurare da wasu lokuta, amma ba ko'ina ba.

Dalilin da ya sa take tayar da babbar igiya

Tsunami takan tashi ne idan ƙasan teku ya ɗaga ko ya dulmuya nan take a fili mai faɗi, ya tura dukkan ruwan da ke kansa tun daga ƙasa har sama. Dalilai huɗu ne suka sa zamewar sashen sama ta fi iya yin haka.

Na farko shi ne kusanci. Zamewar da ta faru a zurfin kilomita 40 takan bazu cikin kaurin dutsen da ke kanta, sai ɗan kaso ya iso sama. Wadda ta faru dab da kwazazzabo kuwa kusan gaba ɗayanta take bayyana a ƙasan teku.

Na biyu shi ne laushin kayan. Ana lissafa girman girgiza ne ta hanyar ninka abu uku: faɗin wurin da ya fashe, tsawon zamewar, da taurin dutsen. Idan girgiza biyu suna da maki ɗaya da faɗi ɗaya, amma taurin lakar da ɗaya ta faru a ciki sulusin na ɗayar ne, to dole zamewarta ta ninka sau uku. Ke nan maki ɗaya yana iya ɓoye bambanci mai yawa a motsin ƙasan teku.

Na uku shi ne gangaren kwazazzabo. Bangon kwazazzabo na wajen gaɓa yana da gangara. In aka tura shi gaba, ko bai ɗaga sama ba, yana ture ruwa kamar yadda garma ke ture ƙasa. Yuichiro Tanioka da Kenji Satake ne suka fayyace wannan a 1996.

Na huɗu shi ne zurfin ruwa. Saurin tsunami ya danganta da zurfin teku. A ruwa mai zurfin mita 4,000 tana gudun kimanin kilomita 700 a sa'a, kamar jirgin sama. Da ta doshi gaɓa sai gudun ya ragu, ruwan ya cure, tsayinta ya ƙaru. Bisa ƙa'idar George Green, igiyar da ta taso daga zurfin mita 7,000 takan ninka tsayinta kusan sau biyar kafin ta iso ruwa mai zurfin mita 10. Duk igiyar da aka haifa a ruwa mafi zurfi ita ta fi samun wannan ƙari.

Girgiza biyu a yammacin Sumatra sun nuna bambancin ƙarara. Ta Nias, ranar 28 ga Maris 2005, tana da maki 8.6, amma akasarin zamewarta ta faru ne can ƙasa, ƙarƙashin tsibirai da ruwa mara zurfi. Igiyarta ba ta wuce 'yan mitoci ba, kuma rushewar gine-gine ce ta kashe yawancin waɗanda suka mutu. Ta Mentawai, ranar 25 ga Oktoba 2010, makinta 7.8 ne, wato ƙarfinta ya gaza na Nias kusan sau 16. Amma ta fashe dab da kwazazzabo, ruwa ya hau tudu fiye da mita 16 a wasu wurare, mutum sama da 400 suka rasu.

Girgiza mai tsunami

A 1972 masanin girgizar ƙasa ɗan Japan, Hiroo Kanamori, ya ware wani rukuni na girgiza da igiyarsu ta zarce abin da jijjigarsu ta nuna, ya kira su girgiza mai tsunami. Bincike daga baya ya tabbatar cewa mafi yawansu a sashen sama na tsagar suke faruwa. Fashewar tsaga a dutse mai tauri tana gudun kilomita 2.5 zuwa 3 a daƙiƙa, amma a cikin laka mai laushi ba ta wuce kilomita 1 zuwa 1.5. Saboda wannan jinkiri ba ta fitar da kakkaifar jijjigar da ke rusa gidaje ta firgita mutane. Abin da ake ji shi ne lilo mai sauƙi amma mai daɗewa, minti ɗaya zuwa uku. A wajen ruwan teku kuwa minti biyu tamkar ƙiftawar ido ne, ba ya samun damar malalewa gefe, sai ya ɗaga gaba ɗaya.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Sanriku a arewa maso gabashin Japan, da yammacin 15 ga Yuni 1896. Mutanen ƙauyukan masunta sun ji 'yar girgiza ba su damu ba, da ma ranar biki ce. Bayan kimanin rabin sa'a ruwa ya iso, ya hau har mita 38 a Ryori, ya hallaka mutum kusan 22,000. Masuntan da ke can cikin teku ba su lura da wucewar igiyar ba, sai da suka dawo suka tarar da garuruwansu a rushe. Kalmar tsunami kanta ta Japananci ce, ma'anarta igiyar tashar jiragen ruwa.

Sauran misalan sun haɗa da:

Tsibiran Aleutian na Alaska, 1 ga Afrilu 1946. Igiyar ta share hasumiyar haska jiragen ruwa ta Scotch Cap, ta ƙetare teku ta kashe mutum 159 a Hawaii. Wannan ne ya sa Amurka ta kafa cibiyar gargaɗi a Hawaii a 1949.

Gisborne a New Zealand, cikin Maris da Mayu 1947. Igiyar farko ta kai kimanin mita 10, amma ba a rasa rai ba.

Nicaragua, 2 ga Satumba 1992. Ita ce ta farko da na'urorin zamani suka naɗa sosai, kuma ta kashe mutum fiye da 100.

Gabashin tsibirin Java, Yuni 1994, inda mutum fiye da 200 suka rasu.

Pangandaran a kudancin Java, 17 ga Yuli 2006, mai maki 7.7. Da yawa daga cikin waɗanda ke bakin teku ba su ji komai ba. Fiye da mutum 600 suka mutu.

A Mentawai a 2010, waɗanda suka tsira sun shaida wa masu bincike cewa jijjigar ba ta kai ta 2007 da ta 2009 ba, waɗanda ba su kawo babban ruwa ba, shi ya sa da yawa ba su gudu ba. Cikin dare abin ya faru, kuma ruwan ya iso cikin 'yan mintuna.

Girgizar Tohoku ta 2011

A gabashin Japan farantin Pasifik yana shiga ƙarƙashin tsibirin Honshu da saurin santimita 8 zuwa 9 a shekara. Kafin 2011 hukumomin ƙasar sun yi hasashen girgiza mai maki kusan 7.5 a tekun lardin Miyagi, bisa tarihin 'yan ƙarnonin baya. An riga an gano yashin wata babbar tsunami ta shekarar 869 a filin Sendai, amma ba a kai ga shigar da binciken sosai cikin tsare-tsaren kariya ba.

Ranar 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana agogon Japan, tsagar ta fashe a fili mai tsawon kimanin kilomita 500 da faɗin 200. Fashewar ta fara ne a sashen tsakiya, sannan ta haura har bakin kwazazzabo. A kan tudu, yankin Oshika ya matsa mita 5.3 wajen gabas, ya dulmuya mita 1.2. Wata alamar awo ta hukumar tsaron gaɓar tekun Japan da ke ƙasan teku ta matsa mita 24, ta ɗaga mita 3. Da aka kwatanta taswirar ƙasan teku ta kafin girgizar da ta bayanta, sai aka ga gefen kwazazzabo ya matsa kusan mita 50. Wato motsin yana ƙaruwa ne gwargwadon kusantar kwazazzabo, saɓanin abin da aka zata. Mita 50 daidai yake da tafiyar faranti ta kusan shekara 600.

Na'urorin auna matsin ruwa da ke ƙasan teku daura da Kamaishi sun naɗa igiyar a mataki biyu. Da farko ruwa ya tashi a hankali kimanin mita 2, sakamakon zamewar can ƙasa. Sai kwatsam ya zabura ya kai kimanin mita 5, sakamakon zamewar bakin kwazazzabo. Wannan kakkaifar igiya ce ta hau kusan mita 40 a lungunan gaɓar lardin Iwate. A filin Sendai ruwa ya shiga tudu kimanin kilomita 5. Ya tsallake katangar Taro mai tsayin mita 10, ya kuma mamaye tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, wadda aka shirya wa igiya mai mita 5.7 amma ta gamu da mai mita 14 zuwa 15. Kusan mutum 15,900 suka mutu, wasu kimanin 2,500 suka ɓace, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na mamatan ruwa ne ya ci su.

Haƙa cikin tsagar

Don gano abin da ya sa laka ta zame haka, jirgin haƙa na Japan mai suna Chikyu ya je wurin a 2012, a wani aikin haɗin gwiwar ƙasashe da ake kira JFAST. A ƙarƙashin ruwa mai zurfin kusan mita 6,900, ya haƙa rami mai kama da rijiyar burtsatse har kimanin mita 850 cikin ƙasan teku, ya ratsa tsagar a wajen mita 820. Sakamakon da aka wallafa a ƙarshen 2013 ya nuna abu uku.

Tsagar siririya ce, kaurinta bai kai mita 5 ba. Tana cikin wani shimfiɗaɗɗen yumɓu mai suna simektait, mai shan ruwa da santsi ƙwarai. Irinsa ne yake cikin baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Chadi da ake kira firgi, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Sannan na'urorin auna zafi 55 da aka bari a cikin ramin tsawon wata tara sun gano ragowar zafin gogayya na digiri 0.31 kacal. Daga nan aka lissafa cewa ma'aunin gogayyar tsagar lokacin girgizar kimanin 0.08 ne, alhali na yawancin duwatsu yana tsakanin 0.6 da 0.85.

Gwaji a kan samfurin lakar ya nuna cewa in aka murza ta da sauri, zafin gogayya yakan sa ruwan da ke cikinta ya faɗaɗa. Yumɓu ba ya barin ruwa ya fita, sai matsin ruwan ya ɗauke nauyin da ke danne fuskokin tsagar, su sulale kusan ba tare da tirjiya ba. Ke nan lakar da ke taka burki a ƙaramin gudu tana iya zama man shafawa a babban gudu. Wani bayanin da ya ƙara a kan wannan shi ne, ko sashen sama bai maƙale da kansa ba, sashen tsakiya da ya maƙale yana hana shi motsi. Ranar da na tsakiya ya saki, na sama yakan biya bashin tafiyar da ya tara. Jirgin Chikyu ya koma wurin a 2024 don duba yadda tsagar ke farfaɗowa.

Zamewa a hankali

Ba kullum sashen sama yake motsi da ƙarfi ba. Tun farkon shekarun 2000, na'urorin GPS suka bankaɗo wani irin motsi da tsaga ke zamewa 'yan santimitoci cikin kwanaki ko makonni, ba tare da jijjigar da mutum zai ji ba. An fara ganinsa a sassa masu zurfi, a Japan da yankin Cascadia na yammacin Kanada da Amurka, daga baya aka same shi a sassa marasa zurfi.

A gabashin tsibirin arewa na New Zealand, a yankin nitsewa na Hikurangi, irin wannan zamewa tana maimaituwa duk shekara ɗaya zuwa biyu, tana ɗaukar mako biyu zuwa uku. A Satumba da Oktoba 2014, na'urorin matsi da aka jera a ƙasan teku daura da Gisborne sun auna ɗagawar santimita 1.5 zuwa 5.5, abin da ya nuna zamewar ta kai dab da kwazazzabo. A wannan yankin ne girgiza mai tsunami ta 1947 ta faru. Wato wuri ɗaya yana iya jan jiki a hankali a wani lokaci, ya zabura a wani lokacin. Ana danganta wannan hali da tsaunukan ƙarƙashin teku da farantin ke shigewa da su, waɗanda ke farfasa dutse su cakuɗa mai tauri da mai laushi. A kwazazzabon Nankai na kudancin Japan, na'urorin da aka binne a ramukan haƙa sun gano zamewar santimita 1 zuwa 4 duk bayan wata 8 zuwa 15.

Alaƙar wannan motsi da babbar girgiza fuska biyu ce. Yana rage ƙarfin da ya taru a inda ya faru, amma yana ƙara wa maƙwabcin sashen da ya maƙale nauyi. An gano zamewa a hankali kafin girgizar Tohoku, da kuma kafin ta Iquique a Chile ranar 1 ga Afrilu 2014. Sai dai mafi yawan irin wannan zamewa takan wuce ba tare da wata babbar girgiza ta biyo baya ba, shi ya sa ba a amfani da ita wajen faɗin ranar da girgiza za ta auku. Tana kuma zuwa bayan girgiza: a Nias, sashen saman da bai fashe ba a 2005 ya yi ta zamewa a hankali tsawon watanni daga baya.

Tsagogin reshe da zaftarewar ƙasa

Wani lokaci fashewar ba ta bin babbar tsagar har kwazazzabo, sai ta kauce ta bi wata tsaga ta reshe da ta miƙe sama cikin farantin bisa. Da yake reshen ya fi tsayuwa, yana ɗaga ƙasan teku sosai, kuma kusa da gaɓa, don haka igiyar takan iso da wuri. A girgizar Alaska ta 1964, George Plafker ya auna ɗagawar fiye da mita 10 a tsibirin Montague ta irin wannan hanya. A Nankai, haƙa ya gano alamun tsohon zafin gogayya a kan tsagar reshe da kuma a bakin babbar tsagar, shaidar cewa dukansu sun taɓa zamewa da sauri.

Zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin teku ma tana ƙara wa igiya girma. A Papua New Guinea, ranar 17 ga Yuli 1998, girgiza mai maki 7.0 ta jawo zaftarewar da ta tayar da igiyar da ta kashe mutum fiye da 2,000 a yankin Aitape.

Awo, gargaɗi da kariya

Babbar matsalar ita ce sashen sama yana nesa da tudu, sau da yawa kilomita 100 zuwa 200, don haka na'urorin kan tudu ba sa ganinsa sosai. Hanyoyin gaggawa na auna maki kuma sun dogara ne da kakkaifar jijjiga, wadda sassauƙar girgiza ba ta da ita, kuma sukan gaza idan girgizar ta yi girma ainun. A 2011 sanarwar farko ta hukumar yanayi ta Japan, minti uku bayan girgizar, ta ce maki 7.9 ne, ta yi hasashen igiya mai mita 6 a Miyagi da mita 3 a Iwate da Fukushima. An ɗaga lambobin daga baya, amma wutar lantarki ta riga ta yanke a wurare da dama. Tun daga Maris 2013, in ana zargin gagarumar girgiza ce, sanarwar farko ba ta ba da lamba, sai dai ta ce ƙatuwar igiya na tafe.

An kuma kai na'urori cikin teku. Japan ta shimfiɗa S-net, tashoshi 150 da aka haɗa da wayar ƙarƙashin teku mai tsawon fiye da kilomita 5,000 a kan kwazazzabon Japan, da kuma DONET a Nankai. Na'urorin DART na Amurka suna auna wucewar igiya a tsakiyar teku su aika labari ta tauraron ɗan adam. Cibiyoyin gargaɗi suna amfani da dogayen igiyoyin girgiza da tsawon lokacin fashewa don gane girgiza mai tsunami da wuri.

Duk da haka, ga mutanen da ke kusa da tushen igiyar, lokacin bai wuce minti 10 zuwa 30 ba. Shi ya sa New Zealand take koyar da cewa duk girgizar da ta yi ƙarfi, ko ta wuce minti ɗaya ko da mai sauƙi ce, to a nufi tudu nan take ba tare da jiran sanarwa ba. A tsibirin Simeulue na Indonesiya, labarin tsunami ta 1907, wadda suke kira smong, ya bi baki daga kakanni zuwa jikoki. A 2004 mazauna tsibirin sun haura tudu da jin girgiza, mutum bakwai ne kawai suka rasu cikin al'umma mai fiye da mutum 70,000. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Nuwamba a matsayin ranar wayar da kai game da tsunami tun daga 2015.

Afirka

Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da yankin nitsewa, domin nahiyar da ƙasan Tekun Atlantika da ke kusa da ita faranti ɗaya ne. Amma igiya daga nesa tana isa wasu sassan nahiyar. Tsunami ta Sumatra ta 26 ga Disamba 2004, wadda ta kashe mutum kimanin 230,000 a ƙasashe 14, ta isa Somaliya bayan kusan sa'a bakwai, ta hallaka mutum kusan 300, garin Hafun na cikin wuraren da suka fi ɓarna. A Bahar Rum, girgizar tsibirin Crete ta shekarar 365 ta aika igiyar da ta afka wa birnin Iskandariyya na Masar. Yankin nitsewa na Makran, a gaɓar Iran da Pakistan, ya tayar da tsunami a Nuwamba 1945, kuma yana cikin wuraren da tsarin gargaɗi na Tekun Indiya yake sa wa ido.